Ba a Kan Waɗannan Tayoyin Ba

Ku da kuke bibiyata a shafin nan, ku gyara zama, yau zan faɗa muku yadda maganar aurena ta zo ta tsaya cak a kan roba. Robar dai da kuka sani, baƙa, mai wari, wadda na taso ina birgima a cikinta. Sunana Zorana, shekarata ashirin da shida, ni ce 'yar Milutin mai taya na bakin hanyar fita garinmu Cacak. Duk wanda ya taɓa yin faci a gefen nan na gari ya san Baba. Wanda kuma ya leƙo shagon cikin shekaru takwas ɗin nan ya san ni, don ni ke yin odar kaya, ni ke kan injin daidaita wili, ni ce kuma mai baƙin farcen da Mama ke kuka da shi kullum.

Wanda nake so sunansa Kosta. Shekara shida ya yi a Stuttgart ta ƙasar Jamus yana aikin wutar lantarki, bara ya dawo gida da akwati biyu da mota ɗaya. Mun haɗu a watan Agusta a bikin wata ƙawata, ya taka mini ƙafa sau uku a filin rawa, ya ba ni haƙuri sau bakwai. A tsakiyar Afrilun nan ya ce mahaifiyarsa ta gayyace ni slava ɗin gidansu, wato ranar waliyyin da suka gada kaka da kakanni, shida ga Mayu, a ƙauyensu da ke can saman dutse bayan an wuce kwazazzabon Ovcar. A wurinmu kuwa ba a kai budurwa slava don ta ci gasasshen rago kawai. In ka zaunar da ita a teburin nan gaban baffanni da gwaggwanni, to ka gama magana.

Da na faɗa a gida, Mama ta saki ludayi cikin tukunya. Kafin azahar ta kira Gwaggo Dobrila, yayar Baba, kafin yamma sun ja ni kasuwa sun saya mini doguwar riga koriya mai ƙananan maɓallai goma sha biyu a baya, da takalmi mai tsini wanda ban san yadda zan taka ƙasar ƙauye da shi ba. Gwaggo ta sa na jiƙa hannuwana cikin ruwan lemon tsami, tana faɗa tana ƙarawa, wai sa'o'ina duk sun yi 'ya'ya biyu ni ina nan ina rungumar tayar tarakta. Mama kuwa ta rataye rigar a ƙofar ɗakina yadda duk wanda zai shiga banɗaki sai ya gan ta.

Baba ya gama shan miyarsa, ya goge kwanon da ɓawon burodi. Sannan ya ce, “Ba a kan waɗannan tayoyin ba.”

Mama ta ce, “Wane irin tayoyi kuma, Milutin? Maganar aure ake yi.”

“Na ji. Yaron ban ce yana da laifi ba. Amma 'yata ba za ta shiga kwazazzabon nan a kan abin da na gani a ƙarƙashin motarsa ba.”

Ya tashi ya fita. Gwaggo ta bi bayansa da harara, ta ce tun yana yaro haka yake, in ana maganar mutane shi sai ya yi ta ƙarfe. Mama ta ce to a hau bas mana, ko a ɗauki tsohuwar motarmu. Ni dai na san Baba. Ba mota yake nufi ba. Shekara talatin yana zuwa wurin da ake jibge motocin da aka ciro daga kwazazzabo, kowa na kallon gilashin da ya tarwatse, shi yana tsugune yana shafa taya. A wurinsa, abin da mutum ya zaɓa ya ɗora ransa a kai shi ne mutumin. In ya ce a'a ga tayar Kosta, to ga Kosta ya ce a'a.

Kuma bari in tona wa kaina asiri, na san gaskiyarsa ce. Tun ranar da Kosta ya cire tayoyin sanyi, waɗanda ake sawa lokacin ƙanƙara, ya mayar da na bazara na gan su, gabana ya faɗi, na haɗiye. Ku da kuka taɓa son mutum kun san yadda baki ke mutuwa.

Na shiga ɗaki na tura masa saƙo.

“Baba ya ce ba zan shiga motarka ba.”

Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amso. “Me motata ta yi masa?”

“Ba motar ba. Takalmanta.”

Ya turo hoton fuskar mai dariya, sannan ya biyo da dogon bayani. Wai tayoyin nan irin na filin tsere ne, wai daga Jamus ya taho da su, wai sun fi waɗanda kamfani ya sa faɗi da yatsa biyu, wai babu abin da ya kai su kama kwalta a duniya, abokansa duk sun shaida. Na karanta na ji tausayinsa, na ji haushinsa kuma. Mutum yana koya wa 'yar mai taya karatun taya.

Na rubuta, “Zo ranar Asabar ƙarfe bakwai na safe. Kada ka wanke motar.”

“Don me kada in wanke?”

“Baba ba ya karanta wankakkiyar mota.”

Afrilu a shagonmu wata ne na hauka. Kowa yana son a cire masa tayoyin sanyi a rana ɗaya, layi har bakin titi, bindigar kwance noti tana ta ƙara tun safe. Amma ranar Asabar ɗin nan Baba ya rataya kwali a ƙofa cewa sai tara za a buɗe, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da aka cire masa haƙori.

Bakwai saura biyar muka ji ta. Ban ce mun gan ta ba, ji muka yi. Wani gurnani ne can ƙasa-ƙasa wanda yake fara shiga ƙirjinka kafin ya shiga kunnenka, har kofunan gahawa suka ɗan yi rawa a kan faranti. Ta shigo harabar a hankali, ruwan toka mai duhu, doguwa, a durƙushe. Na sha shiga motar nan a cikin gari, amma duk lokacin da na gan ta tana tahowa sai tsigar jikina ta tashi. Ƙarfin doki ɗari shida ne a cikinta, kuma duk ƙarfin nan tayoyin baya biyu kaɗai injin ke murɗa wa. Har Baba sai da ya cire hularsa ya sake mayarwa.

Kosta ya fito da farar riga a goge, ya miƙa wa Mama ƙullin gahawa da fure bakwai, ya gaida Baba da hannu biyu. Mama ta kawo masa cokalin 'ya'yan itacen ceri mai zuma da ruwan sanyi a kofin baƙi, Gwaggo kuma, wadda ba wanda ya gayyace ta, ta riga ta kafa kujera a bakin ƙofa da mayafinta na ulu.

Baba bai tambaye shi aikinsa ba, bai tambayi danginsa ba. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya tsuguna a gefen tayar baya, ya ɗora tafin hannunsa a kai ya rufe ido. Na sha ganin yana yin haka, amma ranar ji na yi kamar ni aka ɗora wa hannun.

Ya fara magana ba tare da ya ɗago ba. Ya ce Kosta yana hawa ƙauye sau ɗaya ko biyu a mako, don ga fararen tsakuwar hanyar dutse maƙale a ɗan zanen da ke akwai. Ya ce yana faka mota da gefen dama jikin dakalin titi mai tsayi, kuma irin wannan dakalin a duk unguwar nan sai gaban kantin burodin da ke kallon tagar ɗakina. Kunnuwan Kosta suka yi ja. Gwaggo ta ce, “Ahaf.”

Sai Baba ya zura hannu can cikin kogon da tayar ke zama, ya ɓanɓaro wani abu baƙi ya murza a yatsunsa. Ɓarɓashin roba ne, irin wanda taya ke fesawa in mutum ya danne totur ya sa ta juya a wuri ɗaya tana hayaƙi.

“Kana ƙona taya,” ya ce.

Kosta ya ce, “Da dai, Baba Milutin.”

Baba ya kai abin hancinsa, ya ɗanɗana da bakin harshe, ya tofar. Ya ce robar ta bushe ta yi tauri, kuma gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara ya hau kanta ya rufe, babu sabuwa ko ɗaya a samansa. Wato tun kafin sanyi ya daina. Ya juyo ya kalle ni. Baba “ɗana” yake ce mini, kamar yadda dattawan garinmu ke kiran 'ya'yansu mata in suna ji da su.

“Ɗana, yaushe kuka haɗu?”

“Agusta, Baba.”

Ya gyaɗa kai, ya goge hannu a wando. Wallahi na tsaya ina kallon mahaifina kamar yau na fara ganinsa. Ɗan gajeren tsoho mai ciwon gwiwa, wanda bai iya tura saƙon waya ba, ya zura hannu cikin laka ya ciro watan da wani ya fara sona. Kosta ma bakinsa a buɗe yake. Shi kansa bai taɓa faɗa mini ya daina wannan wasan ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba.

Mama ta ga alamar sauƙi, ta ce to shi ke nan, a shigo a karya. Baba ya ce ta ara masa bokitinta.

Bayan shagonmu akwai wata matacciyar hanya da ta ƙare a katangar tsohuwar masana'anta, babu mai binta. Baba ya sa na ja tiyo na jiƙa kwaltar sharkaf har ruwa ya kwanta. Safiyar da sanyi, numfashi yana fita da tururi. Ya ja layi da alli a inda jiƙar ta fara, ya ƙirga taku goma sha takwas, ya ajiye bokitin Mama, shuɗi mai fenti, wanda ta taho da shi cikin kayan aurenta. Ya ce Kosta ya taho da gudun hamsin, irin na cikin gari, in ya taka layin ya danne burki iya ƙarfinsa.

Kosta ya yi murmushi ya ce ai ko rabi ba zai kai ba.

Ya taho, ya taka layin, ya danna. Motar ta ɗan yi kakkarwa, sannan ta ci gaba da tafiya a natse kamar ba ita aka taka wa burki ba. Ta ɗauki bokitin da hancinta ta wurga shi jikin katanga. Mama ta dafe ƙirji ta kira sunan Allah. Gwaggo ta ce bokitin ya fi Kosta shekaru.

Baba ya ce ya juyo, ya tsaya tsakiyar ruwan, ya tashi motar da ɗan ƙarfi kamar zai shiga babban titi. Da Kosta ya taɓa totur sai gindin motar ya zame gefe, wata fitila ruwan ɗorawa ta shiga ƙyafta ido a gabansa, injin yana gurnani, mota tana neman inda za ta dafa ta rasa. Ya fito fuskarsa ta yi fari fat.

Baba ya kama hannunsa na dama, ya buɗe tafin, ya ɗora nasa a kai.

“Ka ga wannan? Iyakar abin da kowace taya ke taɓa ƙasa da shi ke nan. Tafi huɗu. Dawakanka ɗari shida, da burkinka, da ranka, da na wanda ka ɗauka, duk ta nan suke bi. Waɗannan da ka sa ba ƙarya aka yi maka ba, suna kamawa. Amma sai sun yi zafi, sai kwalta ta bushe. A kwazazzabo wa zai dafa maka su? Rana ba ta shiga can sai sha ɗaya, dutse yana tsiyayar ruwa har Yuni.”

Na san wannan karatun tun ina 'yar shekara tara, amma ranar da na ga bokitin Mama a lanƙwashe, na kalli tafin hannuna, sai abin ya ba ni tsoro da mamaki a lokaci ɗaya. Duniya kaf tana ta gudu a kan ɗan wurin da bai fi a mari mutum da shi ba.

Muka koma cikin shago. Baba ya mirgino tayoyi uku ya jera a gaban Kosta. Ta farko irin tasa ce, sabuwa fil, faffaɗa, kusan sulɓi, kyakkyawa har ka ji kana son ka shafa. Ta biyu mai taurin roba ce, irin wadda ake sa wa ta shekara huɗu ba ta gaji ba, amma injin Kosta zai juya ta a banza tun daga giya ta farko. Ta uku ta titi ce ta bazara, daidai faɗin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar motar, robarta da taushi, da manyan kwatoci huɗu da ke zagaye ta don ruwa ya samu hanyar gudu. Ni na yi odarta tun Talata, ban faɗa wa kowa ba. Baba ya gani a rumbu, bai ce mini komai ba.

“Zaɓi,” ya ce.

Kosta ya kalle ni. Na ga abin da ke ransa, so yake in ɗan ƙyafta masa ido. Ya ce, “Zorana ta fi ni sani, ta zaɓa mana.”

Baba ya ce, “Na san ta fi ka sani, ni na koya mata. Ba ita nake tambaya ba.”

Na juya baya na shiga goge injin da babu ƙura a jikinsa. Ta madubin da ke jikin bango ina ganinsa ya tsuguna gaban ta farkon, ya shafa ta. Na san abin da tayar nan take a wurinsa. Shekara shida yana hawa tsani cikin sanyin ƙasar mutane, yana kwana ɗaki ɗaya da ƙarti uku, yana kallon hotonta a waya. Ranar Lahadi in abokansa suka taru a gidan mai, faɗin tayar baya suke fara dubawa. Wanda ya koma siririya, sai an shekara ana yi masa tsiya wai mace ta ɗaure shi.

Ya daɗe a tsugune. Mama tana murza gefen rigarta.

Can ya ce, “Baba Milutin, ina da tambaya.”

“Ina ji.”

“Da sassafe, ana ruwa, tana zaune a damana, wani abu ya faɗo gabanmu a kwana. Wacce ce za ta fi saurin tsayawa?”

Baba ya dube shi. Ya ciro tabarau ya goge, ya mayar aljihu bai sa ba. Daga baya ya faɗa mini cewa a shekara talatin, masu irin wannan motar duk tambaya ɗaya suke yi masa, wacce ta fi tashi, wacce ta fi gudu. Waɗanda suka tambaye shi wacce ta fi tsayawa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Ya sa ƙafa ya turo ta ukun. Ya nuna masa takardar da ke manne a jikinta, inda aka zana gajimare da harafin da ke nuna yadda take kama jiƙaƙƙen titi. Ya nuna masa lambobi huɗun da ke gefe, makon da aka yi ta da shekarar, ya ce kada ya yarda a sa masa wadda ta tsufa a rumbu ko da sabuwa ce a ido. Ya ce huɗun za a canza, iri ɗaya, ba a haɗa wa mota mai ƙarfi takalmi bambam. Kosta ya ce a canza.

Ni na ɗaura su da hannuna. Na daidaita kowace wili har injin ya nuna sifili biyu, na auna iska sau biyu, na ɗaure kowane noti da sandar awo har ta yi ƙas. Farcena da Gwaggo ta sha wahala a kai ya koma gidan jiya. Mama ta riga ta fara lissafin wainar da za ta toya a kai wa surukai, sai Baba ya ɗaga hannu.

Ya ce sabuwar taya tana da santsin da ta taho da shi daga masana'anta, sai ta yi tafiyar kilomita ɗari biyar a hankali kafin ta nuna halinta. Ba fizga, ba kwanciya a kwana. Ya nuna wa Kosta 'yan siraran gashin roba da ke tsaye a can gefen kafaɗar tayar, ya ce a tafiyar hankali waɗannan ba sa taɓa ƙasa. “Ka dawo jajibirin slava. In na same su, mu yi magana. In ban same su ba, ka gaida mahaifiyarka.”

Mako biyu da rabi ke nan, kuma ban taɓa dariya da fargaba a haɗe irin na kwanakin ba. Saƙonninsa suna shigowa ina tsakiyar aiki.

“Yau tarakta ta yi mini hon.”

“Wata tsohuwa a ƙaramar mota ta wuce ni, ta leƙo ta tambaya ko mota ta lalace.”

“Abokaina sun ga tayoyin. Sun ce in sayi kujerar jariri gaba ɗaya.”

Na rubuta masa, “Ka ji haushi?”

Ya ce, “Na ji. Amma jiya an yi ruwa a kwazazzabo, Zorana, motar ta bi kwanar nan kamar an riƙe ta da hannu. Ban san haka take ba. Shekara biyu ina tuƙa ta ban san ta ba.”

Kullum da yamma sai ya turo mini hoton kafaɗar taya, ni kuma in buɗe shi da yatsa biyu ina ƙirga gashi kamar wata mahaukaciya. Mama tana wucewa tana kakkaɓe koriyar rigar, Gwaggo tana bugo waya sau uku a rana ta ji ko tsohon ya sauko. Baba kuwa ko sunan Kosta bai ƙara ambata ba.

Jajibirin ya zo, biyar ga wata, da yamma bayan mun sallami mota ta ƙarshe. Kosta ya shigo, bai wanke motar ba. Baba ya tsuguna, gwiwarsa ta yi ƙara, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu. A tayar baya ta dama ya daɗe har na fara jin jiri. Ya zura hannu cikin kogon, ya fito da shi babu komai sai laka. Gashin nan suna nan a tsaye, a tayoyin huɗu duka.

Ya miƙe ya ce in ja tiyo. Layin allin ya goge, ya sake ja, ya ƙirga taku goma sha takwas, ya ajiye bokitin nan dai lanƙwasasshe. Kosta ya taho da hamsin, ya danna. Motar ta dafe ƙasa, hancinta ya duƙa, ta tsaya. Na ƙirga da ƙafata, taku huɗu ne tsakaninta da bokitin. Hawaye suka zubo mini, ban ma ɓoye ba. Mota ɗaya, mutum ɗaya, ruwa ɗaya, taku huɗun nan kuwa ai tsawon rai ne.

Mama ta ce, “To Milutin, sai kuma me?”

Baba ya ce, “Ki goge mata rigar.”

Gwaggo ta rangaɗa wata ƙara ta rungume Mama. Kosta ya kama hannun Baba yana ta godiya. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya buɗe tafinsa ya ce ya ba shi makullin. Kosta ya ba shi, a zatonsa tsohon zai ɗan zagaya ne.

Baba ya riƙe makullin a tsakaninmu.

“Ka zaɓi taya saboda wadda ke zaune a dama,” ya ce. “Amma kai ba ka taɓa zama a can ba. Ba ka san yadda kwana take ba ga wanda babu sitiyari a hannunsa. Gobe ita za ta tuƙa, tun daga ƙofar nan har ƙofar mahaifiyarka. Kai ka zauna a wurinta ka ji.”

Mama ta ce a hankali, “Milutin, gaban danginsa fa. Amarya ta iso tana tuƙa ango, me za a ce a ƙauye?” Gwaggo ta ce za a shekara goma ana ba da labarin. Gaskiyarsu ce kuwa. Ni kuma na san wani abin da su ba su sani ba: motar nan ko ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya Kosta bai taɓa bari ya zauna a kujerar direba ba, ko a kashe take.

Kosta ya kalli makullin, ya kalli motar, ya kalle ni. Na kasa karanta fuskarsa. Ya juya ya nufi motar, na ce a raina shi ke nan, Baba ya ja igiyar har ta tsinke. Ya buɗe ƙofar direba. Bai shiga ba. Ya sunkuya ya danna wani maɓalli, kujerar ta fara matsowa gaba a hankali tana ɗan kuka, ya ɗago ya auna tsawon ƙafata da ido, ya ƙara matso da ita kaɗan.

“Zo ki gwada,” ya ce. “Kuma ki bar takalmin nan mai tsini a jaka, sai mun isa.”

Baba ya sa mini makullin a tafin hannu ya naɗe yatsuna a kai. Yanzu haka da nake rubuta muku yana nan kan teburina kusa da kofin shayi, rigar tana rataye a goge, hadari ya haɗo ta wajen Ovcar. Wayar Kosta ta yi ƙara kafin ya tafi ya bar motar a harabarmu, mahaifiyarsa ce, wai dangi arba'in za su tsaya a bakin ƙofa ƙarfe goma su ga yarinyar da ɗanta zai kawo. Bai faɗa mata ta wace ƙofar motar zan fito ba.